Oba-oban jirgin ruwa da zafin kunnen da kake tambaya a kai

Wa'alaikumus salam yarona. Naga saƙonka tun da asuba, kace jiya ka wuni da oba-oba, wato rediyon hannu na magana, a bakin ruwa can Apapa ta Legas kuna gwada sabuwar eriyar da muka ɗaura wa jirgin nan, da yamma kunnenka yayi zafi kanka na sarawa, kuma wani abokin aikinka yace maka wai radiyeshon ɗinta na kawo cutar kansa yana kuma hana haihuwa in mutum na maƙala ta a ƙugu, shine kake tambaya ko ka daina ɗauka. Toh ka kwantar da hankalinka ka karanta a tsanake, naji daɗin tambayar nan sosai dan yaran da suka wuce ta hannuna da yawa sai sun ƙona yatsa ko sun kashe rediyon mutane kafin su tambaya.

Abu na farko da nake so ya zauna maka a kai, rediyon nan bata fitar da komai a lokacin da kake saurare. Ko wuni tayi a kunne a ƙugunka tana surutu, karɓa kawai take. Sai ka matsa madannin magana na gefe, wanda muke cewa PTT, sannan eriya ke fara watsa ƙarfi, kana saki ta daina. Kaga kenan duk maganar kariya ta tattaru ne a ɗan lokacin nan da babban yatsanka ke kan madanni, a ina eriyar take, wat nawa ka saita, daƙiƙa nawa ka ɗauka kana magana. Wayar salularka ma da ke aljihu ita da kanta take magana da turken sabis ba tare da ka taɓa ta ba, ita kuwa oba-oba sai ka bata izini.

Shi kuma radiyeshon ɗin iri-iri ne, mutane na haɗa su wuri ɗaya ne saboda sunan. Akwai irin na hoton ƙashi a asibiti, wannan yana iya lalata ƙwayoyin halittar jiki shi yasa mai ɗaukar hoton ke ɓuya bayan bango. Na rediyon jirgin ruwa ba wannan bane, igiyar rediyo ce da ake kira VHF, tsakanin megahaz 156 zuwa 162, kuma abin da aka tabbatar yana yi wa jiki in yayi yawa shine ɗumama nama. Akwai ma'aunin da suke cewa SAR, wato wat nawa kilo ɗaya na naman jiki ke sha. Hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta sa iyakar wat 1.6 a kilo ga jama'a, wat 8 a kilo ga ma'aikatan da aka koya wa yadda zasu kare kansu. A Turai suna bin ƙa'idar ICNIRP, wato hukumar duniya mai tsara kariya daga irin wannan radiyeshon, wat 2 ga jama'a, 10 ga ma'aikata. Ka lura da wannan bambancin, yawancin rediyoyin hannu na aiki an gwada su ne a kan cewa mai riƙe da su ya san yadda ake riƙewa, shi yasa nake jin haushi in naga kyaftin ya miƙa wa ƙaramin yaro yana wasa da ita yana saka eriya a baki. Maganar cutar kansa kuwa, a 2011 hukumar binciken kansa ta WHO ta saka igiyoyin rediyo a rukunin 2B, ma'ana akwai ɗan zargi amma hujjar bata kai a ce an tabbatar ba, har da wayar salula a ciki. Ni abin da na ɗauka daga nan shine ba abin firgita bane kuma ba abin sakaci bane, tunda rage shi baya cin ko sisi.

Yanzu riƙon. Jiya da na leƙo na hango ka daga nesa, ka manna rediyon a kunci kamar mai amsa waya, eriyar ta kwanta a gefen kanka kusa da ido. Wannan shine kuskuren, kuma ina ga harda shi da ranar da kuka sha da ƙarar lasifika a cikin kunne suka haɗu suka baka ciwon kan nan, ka sha ruwa ka huta, in ya kwana biyu bai sake ka ba kaje asibiti. Oba-oba a gaban baki ake riƙe ta, a tsaye cak, eriya na kallon sama, ka bar tazara tsakaninta da fuskarka. Littattafan kamfanoni da yawa suna cewa aƙalla santimita 2.5, wasu suce 5, ni yatsu huɗu nake koya wa yara dan yafi sauƙin tunawa a cikin hayaniya. Makirufon zai ji ka sarai, in ka manna baki ma muryarka dagulewa take wanda ke can gefe yaji gwaf-gwaf kawai. Ido nafi ji wa, dan ƙwayar ido bata da yawan jijiyoyin jini da zasu kwashe zafi kamar sauran jiki. Ita kuma tsayuwar eriyar ba dan lafiyarka kaɗai bane, eriyoyin jirage duk a tsaye suke, in ka kwantar da taka sigina ya faɗi, sai kaji ba'a jinka, sai ka ƙara wat ka maimaita magana sau uku, kaga ka ninka wa kanka abin da kake gudu.

Sai maganar wat ɗin. Na hannu galibi wat 1 ne a ƙasa, 5 ko 6 a sama, ta jikin jirgi kuwa tana kaiwa 25. Kusan duk rediyon da aka kawo mana gyara in ka duba allo zaka ga H, wato babban wat, an bar ta a sama tun ranar da aka saye ta. Mutum na tsaye a gaban jirgi yana magana da wanda ke baya, tsakaninsu bai kai jifa ba, amma yana watsa wat 5 a gefen kansa, yana cinye batir, yana kuma shiga maganar mutanen da ke can tashar jiragen ruwa ta Tin Can. Ka sa L, wato ƙaramin wat, ya zama gidanka. VHF a miƙe take tafiya kamar gani da ido, tsawon wurin da eriya take yafi wat muhimmanci nesa ba kusa ba. Mutum biyu kowa na tsaye a ƙaramin kwale-kwale da ta hannu, in sun samu mil 5 zuwa 6 na ruwa sun gode Allah, amma in ɗayan eriyarsa na kan turke mai mita 30 sai kaga an kai wajen mil 15. Mil ɗin ruwa mita 1,852 ne in ka manta. Dan haka in ba'a jinka fara da miƙewa tsaye, ka fito daga bayan ƙarfe, ka hau sama, in duk bai yi ba sannan ka taɓa H.

Amma ka ji ni da kyau a nan, in rai na cikin haɗari, mutum ya faɗa ruwa ko wuta ta tashi ko jirgi na shan ruwa, ka mance da duk lissafin nan, ka juya tasha ta 16, megahaz 156.8, ka sa H ka kira Mayday, wato kiran neman ceto, da duk ƙarfin da take da shi. Minti biyu na wat 5 bazai yi maka komai ba. In mai DSC ce, wato mai madannin aika saƙon neman ceto, ka ɗaga murfin jan madannin nan ka danne, ita zata aika ta tasha ta 70 da kanta.

Littafin zai ce maka kuma kar magana ta wuce rabin lokacin da kake amfani da ita, kashi 50 cikin ɗari, dan a kan haka aka yi gwajin. Mai aikin da ya iya ko kusa da rabin baya zuwa, ka shirya abin da zaka ce kafin ka matsa, ka faɗa, ka saki. Masu gaisuwar iyali da labarin ƙwallo a kan rediyo su suke wuni yatsa a danne, kuma sun tare hanya ba wanda ya isa yayi magana sai sun saki.

Ƙugu da kake tsoro, in tana rataye kana saurare babu komai kamar yadda na faɗa. Inda ake samun matsala shine mutum ya jona makirufon kafaɗa, rediyon na ƙugu ko cikin rigar ruwa, eriya ta lafe a jikin cikinsa yana matsawa a H. Ka yi amfani da maƙalin da yazo da ita daga kamfani dan shi ke bada ɗan tazarar nan, ka tabbata eriyar bata manne da fata ba. Kar ka cusa ta aljihun wando, dan madannin na iya dannuwa baka sani ba. Na taɓa ganin wani direban kwale-kwale ya zauna a kan tasa tana tasha ta 16, duk yankin muna jin ƙarar injinsa da tarinsa, ba mai iya kira, sai da na'urar ta yanke da kanta bayan wajen minti 5. In kuma akwai mai na'urar bugun zuciya a jirgi kar a matsa rediyo kusa da ƙirjinsa.

Ka riƙa duba robar eriyar nan kullum. A cikinta waya ce a nannaɗe, rana da gishirin teku suna busar da robar ta tsage, ƙarfe ya leƙo, kana matsawa ya taɓa fata sai ya ƙona ka, ƙunar ƙarama ce a ido, ɗan farin ɗigo, amma tana da zurfi tana jimawa bata warke ba. Kar ka naɗe da salatif kace ya isa, canja ta, kuma da irin tata, ba kowace eriya da zarenta ya shiga bace ta dace, ta UHF, wato wani zangon igiya daban da VHF, zata ɗauru tsaf amma zata mayar da ƙarfin cikin rediyon. Kar ka ɗauki rediyo ta eriya kamar wutsiyar ɓera, a nan gindinta ke karyewa. A kan tebur a shago kuwa kasan doka ta, ba'a matsa PTT ba eriya, taransistan ƙarshe ne zai tafi, ka jona domi-lod ɗin nan mai om 50, wanda ke shanye ƙarfin a madadin eriya, kayi gwajinka ba abin da ke fita iska.

Wanda yafi bani tsoro a kanku ma ba ta hannun bace, saman jirgi ne. Eriyar wat 25, ga ta HF, rediyon dogon zango, mai ɗaruruwan wat a manyan jirage, ga rada mai juyawa. Ba zaka hau turke ba sai ka je ɗakin tuƙi da ƙafarka ka gaya wa jami'in da ke aiki, an kashe rada, an rataya takarda a kan na'urorin cewa akwai mutum a sama, kuma kai da kanka zaka cire takardar in ka sauko. Kar ka yarda da wani yace maka ai na kashe. Ka gani da idonka.

Sai mai. Mako mai zuwa in Allah ya kaimu zamu shiga jirgin dakon man nan, oba-oban shago bazata bi mu ba, a wurin da tururin fetur ko gas ke yawo sai rediyon da aka ƙera musamman bata fitar da tartsatsi, zaka ga alamar Ex a jikinta. Ko ita ɗin ba'a cire mata batir ko a jona caja a kan dandamalin jirgi, sai an koma ciki. Batirin da ka nuna min ranar Talata wanda ya kumbura kuma kar ka sake sa shi a caji, ka ware shi cikin bokitin yashi.

Gobe ka zo da wuri, ka taho da oba-oban jiyan da littafinta, akwai shafi biyu a farko da ba mai karantawa, zamu karanta tare, sannan ka tsaya a ƙofar shago ni in tafi bakin jeti mu gwada L da H kaji bambancin da kunnenka. Ka gaida mutan gida.