Hitar ruwan zafi a cikin silin: a sa ko a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina gina gida mai ɗaki huɗu a Ikorodu, an buga kwano, saura silin. Mai aikin famfo ya ce mu ɓoye hitar ruwan zafi guda biyu tsakanin kwano da silin don banɗaki ya yi kyau, wai haka ake yi a Ingila. Uwargida ta ce hankalinta bai kwanta ba. Me ka gani?
Alhaji, daga Agege

Amsa: Wa alaikumussalam Alhaji, Allah ya sa a tare lafiya. Ni dai ina bayan Hajiya.

Gaskiya ne a Ingila ana ajiye tankin ruwa a ƙarƙashin rufi, amma can akwai ƙofar hawa da tsani da katako mai ƙwari da mutum zai taka. Namu silin fa? Siraran katako ne da kafinta ya buga don su riƙe POP, wato farin filastan da ake yin silin da shi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ka ga hita mai lita 50 in ta cika, haɗe da nauyin jikinta, ta fi buhun siminti. Kai kuma biyu za ka ɗora.

Abin da ya fi damuna ma yoyo ne, domin ba hitar da ba ta yoyo in ta tsufa. Bara aka kira ni wani gida a Ajah. Matar gidan ta ce ta yi makonni tana ganin tabo ruwan ƙasa a silin ɗakin yara, ta ɗauka ruwan sama ne. Ranar nan POP ɗin ya jiƙe ya rufto a kan gado, Allah ya kiyaye yaran suna makaranta. Ba ƙofar hawa, ta wannan ramin na shiga. Na tarar gindin hitar ya yi tsatsa har yatsana na shigewa. Ruwan rijiyar burtsatse a wajejen Lekki da Ajah akwai gishiri, yana cin ƙarfe. A cikin hita akwai wata sanda ta maganisiyam da aka sa don tsatsa ta cinye ta maimakon tankin, ana canja ta in ta ƙare. Wa zai hau ƙarƙashin kwano a zafin watan Maris ya duba ta? Shekara biyar ba wanda ya leƙa.

Akwai kuma ɗan bawul a bututun da ruwan sanyi ke shiga. Ruwa in ya yi zafi yana ƙara yawa, sai bawul ɗin ya riƙa ɗiga don tankin ya samu sauƙi. Na sha ganin masu aiki sun toshe shi don kada ya ɓata silin. Don Allah Alhaji, kada ka yarda a taɓa shi, toshe shi na iya sa tanki ya fashe.

Shawarata, a kafa kowace hita a bangon banɗaki, can sama, da ƙusoshi masu ƙarfi. In ganinta ne ba ka so, kafinta ya yi mata akwati mai murfi. Kusancin ma riba ne: ruwan zafi zai iso famfo nan da nan, ba sai ka zubar da rabin bokiti kana jira ba, ga kuɗin wuta yadda ya koma tun 2024.

In kuwa dole sai sama, to ta zauna a kan dakalin kankare ko ƙarfen da ya hau bango, daidai saman banɗaki, ban da ɗakin kwana. A sa mata faranti a ƙasa mai bututu da zai fitar da ruwa waje, inda ido zai gani, a bar ƙofar da ƙato zai iya shiga da hitar a hannu. Wayarta ta zo ita kaɗai daga akwatin wuta, da wayar atin ta gaske, wato wadda ke kai wuta ƙasa don kada ta ja mutum, makunninta kuma a waje, ba cikin banɗaki ba. Ka je wurin da kanka kafin a rufe silin, ka ce a cika ta da ruwa a kunna a gabanka, ta kwana biyu a haka.