Wa ke cin ribar zaman baƙon mai zane a ƙauye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibin zane ne a Zariya. An ba ni damar zaman wata biyu a wani ƙauyen Gwari inda mata ke ginin tukwane, in koya, in kuma yi nawa aikin. Abokina ya ce irin wannan zama cuta ce, baƙo ya kwashi basirar mutane ya je ya yi suna da ita. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya faɗa. Ba sai mun je nesa ba, misalin yana nan kusa da kai.

A farkon shekarun 1950 wani Bature maginin tukwane daga Ingila, Michael Cardew, ya buɗe cibiyar koyar da sana'ar a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. A fadar Sarkin garin, Sulaimanu Barau, ya fara ganin tukwanen Ladi Kwali, wata mai ginin tukwane daga ƙasar Gwari, kuma a 1954 ta shiga cibiyar, mace ta farko. Ba koyon gini ta zo yi ba, ta riga ta ƙware. Da hannu take ɗaga randa, tana murza yumɓu tana ɗorawa tana zagaya ta, sannan ta zana ƙadangare, kunama ko kifi a jikinta. Abin da ta ƙaru da shi su ne injin juya tukunya, shafi mai ƙyalli da gashin wuta mai tsananin zafi. Shi ma Cardew ya ɗauki fasalin tukunyar Gwari ya sa a nasa aikin.

Sai dai ga wani abu da ba a cika faɗa ba. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta na tsatsafa. Da aka shafe ta aka gasa ta ta yi tauri, sai ta yi nauyi, ta daina tsatsafa, ta tashi daga randar ɗaki ta koma kayan ado na masu kuɗi a Landan. An samu, an kuma rasa. Abin da ya sa nake ganin Ladi ba ta yi asara ba shi ne sunanta bai ɓace ba: tambarin LK, wato haruffan farko na sunanta, na jikin kayanta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ga hotonta a bayan naira 20. Matan da suka koya mata fa, wa ya san sunansu?

A Ostareliya kuwa, a ƙauyen Papunya, wani malamin makaranta Geoffrey Bardon ya ƙarfafa dattawan asalin ƙasar su yi zane a kan allo a 1971. Wasu zanen farko sun fito da alamomin ibada da bai halatta kowa ya gani ba, har aka yi rigima. Amma a 1972 masu zanen suka kafa kamfanin Papunya Tula, mallakarsu, ragama ta koma hannunsu.

To ka je, amma tun kafin ka sauke jaka ku yi magana da matan su kansu, ba mai gari kaɗai ba. Sunan wa za a rubuta a kan abin da kuka yi tare? In an sayar, nawa ne rabonsu? Makon farko ka bar littafin zanenka, ka bi su haƙar yumɓu, ka taya su ɗaukar itacen gashi. In wata gwaggo ta ce kada ka ɗauki hoton wani abu, mayar da wayarka aljihu, kada ma ka tambayi dalili.