Me ya sa ba ɗan Shehu Idris ne ya gaje shi ba?

Malam, ka tambaya ko sarautar Zazzau gadon uba da ɗa ce. A'a, ba gona ba ce da za a raba wa magada. Gidaje huɗu ke da haƙƙi: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Marigayi Shehu Idris Bakatsine ne, ya yi shekara 45 a kan gado, ya rasu a Satumban 2020.

Ahmed Nuhu Bamalli kuwa, wanda ya gaje shi, Bamalle ne, ɗan Magajin Gari Nuhu Bamalli, tsohon ministan harkokin waje. Kafin naɗa shi a 2020, rabon gidansu da sarauta tun da Turawa suka tuɓe Sarki Aliyu Ɗan Sidi, wajen shekara ɗari ke nan. Masu zaɓen sarki su miƙa sunaye, gwamna ya sa hannu. A nan aka yi ta kai ruwa rana, har Iyan Zazzau na lokacin, marigayi Bashir Aminu, ya garzaya kotu.