Yadda za ka hana sabarka mayar da bounce ga wanda bai aiko komai ba

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce yadda sabar da ke tura imel gaba za ta daina mayar da saƙon bounce (sanarwar cewa imel bai isa ba) ga mutanen da ba su aiko komai ba. Ka ƙi saƙon tun ana kan SMTP, wato lokacin da sabar mai aikowa ke miƙo shi, da lambar 550 (lambar ƙin karɓa), kar ka karɓa daga baya ka mayar, in manhajar sabar imel ta Postfix kake amfani da ita kunna reject_unverified_recipient (saitin da ke ƙin saƙo in ba a tabbatar da adireshin mai karɓa ba), kuma ka tace spam kafin ka tura.

Masu spam adireshin wasu suke sawa a matsayin mai aikowa, shi ya sa bounce ɗin kan bayin Allah yake faɗawa, ni haka IP ɗina (adireshin sabata a intanet) ya shiga blacklist (jerin waɗanda ake toshewa) wallahi na sha wuya kafin aka cire shi. Amma fa ka haɗa da SRS (tsarin da ke sauya adireshin mai aikowa ya koma na sabarka), in ba haka ba saƙon ba zai tsallake SPF (binciken ko sabarka na da izinin tura saƙo da sunan mai aikowa) a inda ka tura ba.