Muryar Malam a zaure: Turancin Ingila, na Amurka, da inda harshenmu ke tuntuɓe

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Malama, na saurari tambayarki. Kin ce kina shirin jarabawar IELTS, ta gwada iya Turanci, don aikin jinya a Ingila, kina jin Turawa na furta kalma ɗaya iri biyu, kina son sanin wanne ne daidai.

To, duka daidai ne. A jarabawar magana, wadda ke ɗaukar minti 11 zuwa 14, furuci kashi ɗaya ne cikin huɗu na makin, kuma abin da mai jarabawa ke nema shi ne ya fahimce ki ba tare da wahala ba. Ki zaɓi ɗaya ki riƙe, tunda Ingila za ki, ki riƙe nasu.

Babban abin da ya raba su shi ne harafin r. Mutumin Landan ba ya furta r idan ta zo bayan wasali kuma babu wani wasali a bayanta, "car" sai ya ce "kaa". Ba'amurke yana fito da ita, haka mutumin Sikotilan da na Ailan. Dalili kuwa, a ƙarni na 18 ne zubar da r ya bazu a kudancin Ingila, alhali masu ƙaura sun fara zama a Amurka tun 1607, sun tafi da tsohon furucin. Sai kuma t ta tsakiyar kalma. A "water", Ba'amurke yana buga harshe sau ɗaya, ta fito kusa da r ɗin da ke cikin "Laraba". Matashin Landan kuwa maƙogwaro yake datsewa, daidai abin da muke yi a "sa'a" da "jama'a", ya ce "wo'a". Wannan sautin namu ne tun fil azal, ki saurare shi da kunnen Hausa za ki kama.

A Ingilar ma ba furuci ɗaya ake yi ba. Idan aka tura ki Mancesta ko Lids, za ki ji "bus" ana cewa "bus" da u, "cup" kuma "kup", sannan "bath" da gajeren a, ba dogo irin na kudu ba. Sunayen garuruwa haddace su ake yi: Leicester "Lesta" ce, Worcester "Wusta", Edinburgh "Edinbara".

Yanzu ga inda nake so ki zauna sosai, don nan ne maki ke zubewa. Mu f ɗinmu da leɓe biyu muke yin ta, shi ya sa a Kano takan kusanci p, a Sakkwato da Maraɗi ta koma "hw". Da wannan bakin muka mai da "petrol" fetur, "pump" famfo, "passenger" fasinja. A Hausa ba laifi. A asibiti kuwa "pill" da "fill" ba abu ɗaya ba ne, haka "pain" da "faint". Ga maganin. Ki yago takarda ki riƙe ta kamar yatsa uku daga bakinki. Ki rufe leɓe ruf, ki sake iska gaba ɗaya ki ce "pin", takardar za ta zabura. Ga f kuma, haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, iska na fita a hankali, za ki iya jan ta har numfashi ya ƙare. P ba ta januwa. Idan kika ja ta ta jawu, to f kika yi. V ma wurin f take, murya kawai ake ƙara mata; ki ɗora yatsa a maƙogwaro ki ji yana rawa, sai "vote" ta rabu da "boat". Minti goma kullum a gaban madubi, kalma bibbiyu, ya fi awa biyu ranar Asabar.

Na "th" ɗin "think" da "this", mu 'yan Arewa mukan ce "sink" da "zis", 'yan Kudu su ce "tink" da "dis". Ki leƙo da kan harshe tsakanin haƙora, shi ke nan. Dogon wasali kuwa kin riga kin iya: yadda kika raba gari na zama da garin tuwo, haka za ki raba "ship" da "sheep". Sai ki kula da cusa wasali tsakanin baƙaƙe, abin da ya haifar mana da sukudireba da burodi. Kuma don Allah "thirteen" da "thirty": nauyin ta farko a ƙarshe yake, na ta biyu a farko. A wurin awon magani wannan rai ne, idan kina shakka ki ce "one three" ko "three zero".

Salon magana kuma. Bature ya ce miki "you alright?", gaisuwa ce kamar "lafiya?", ki amsa a taƙaice ki mayar masa. "Half seven" bakwai da rabi ce. "First floor" a Ingila hawa na farko ne bayan ƙasa, a Amurka ƙasan kansa. "Quite good" a bakin mutumin Ingila "ba laifi" ce kawai, Ba'amurke kuwa yabo yake yi. A taro, "table" a Ingila a kawo batu gaba, a Amurka a jingine shi. Kwanan wata 3/4 a Ingila uku ga Afrilu ne, a Amurka huɗu ga Maris. A arewacin Ingila mara lafiya ya ce bai ci "tea" ba, abincin dare yake nufi.

Namu na gida ma Turanci ne mai zaman kansa, har ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya 29 a Janairun 2020, ciki da "next tomorrow" da "Kannywood". Amma can ba za a gane wasu ba. "I'm coming" da muke faɗa muna fita, "ina zuwa" ce muka sa wa riga. Mara lafiya zai zaci yanzu kike tahowa, ki ce "I'll be right back". "Well done" wurinsu sai an gama aiki an yi kyau, ba "sannu da aiki" ba ce.

Ki ɗauki muryarki kina karanta "pill, fill, pull, full, thirteen, thirty" ki turo zaure kafin Juma'a, in saurara in gaya miki wadda za mu fara gyarawa. Allah Ya ba da sa'a.