Ku Tambaya: Rawanin Obama da Ba'ar Zaɓen Fidda Gwani

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin firamare ne a Funtuwa. A zaurenmu na WhatsApp na tsofaffin 'yan aji wani ya turo zanen Barack Obama sanye da rawani, matarsa ta rataya bindiga, ga hoton Usama bin Ladan a bango. Gardama ta kaure. Wasu suka ce cin mutuncin Musulmi ne, wasu suka ce mai zanen masoyin Obama ne, maƙiyansa yake wa ba'a. Har wasu sun fice daga zauren. Wa ke da gaskiya? Kuma da gaske Obama Musulmi ne ya ɓoye?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Ta ƙarshen ta fi sauƙi, bari mu kawar da ita. Obama Kirista ne. An haife shi a Honolulu a 1961, mahaifinsa ɗan ƙabilar Luo ne daga Kenya, mahaifiyarsa farar fata 'yar jihar Kansas. Daga shekara 6 zuwa 10 ya zauna a Jakarta tare da mahaifiyarsa da mijinta ɗan Indonesiya, da ya girma kuma ya yi kusan shekara 20 yana zuwa cocin Trinity a Chicago. Sunan Hussein da ke tsakiyar sunansa daga kakansa na wajen uba ya samo asali, wanda shi ya musulunta.

Zanen da ya raba muku kai bangon mujallar The New Yorker ne na 21 ga Yuli, 2008, wanda Barry Blitt ya zana. Ka duba shi da kyau, za ka ga a ofishin shugaban ƙasa suke tsaye, matarsa Michelle cikin kakin soja, suna gaisawa da dunƙulen hannu, tutar Amurka tana ci da wuta a murhu. Kan maganar niyya, rukuni na biyu sun yi daidai. Mujallar tana tare da Obama, ta ma fito fili ta mara masa baya kafin zaɓe. Editanta David Remnick ya bayyana cewa sun tattaro duk ƙarairayin da ake yaɗawa ne suka jibge a hoto ɗaya don mutane su ga rashin hankalin abin.

Su kuwa ƙarairayin, a lokacin neman tikitin jam'iyyar Democrat suka yi tsiro. A Janairun 2007 wata mujalla ta intanet ta ce Obama ya yi karatu a makarantar masu tsattsauran ra'ayi a Indonesiya. CNN ta tura wakili har Jakarta, ya tarar makarantar gwamnati ce, maza da mata, Musulmi da Kirista. Wannan bai hana saƙonnin imel ci gaba da yawo ba, har a Disambar 2007 kwamitin yaƙin neman zaɓen Hillary Clinton, abokiyar karawarsa wajen neman tikitin, ya sallami 'yan sa-kai biyu a jihar Iowa saboda tura irin su. Sai kuma a ƙarshen Fabrairun 2008, kwanaki kaɗan kafin ƙuri'ar Ohio da Texas, shafin Drudge Report ya buga hoton Obama na gaske sanye da farin rawani da mayafi irin na dattawan Somaliyawa. An ɗauke shi ne a 2006 a garin Wajir na arewa maso gabashin Kenya, inda ya je ziyara yana sanata, masu masauki suka karrama baƙo da tufafinsu. Shafin ya ce mutanen Clinton ne ke yaɗa shi, ita ta ce ba ta san da zancen ba.

To amma ni, Malam, na fi karkata ga waɗanda abin ya ɓata wa rai. Ka nemi maƙaryacin a cikin zanen nan, ba za ka same shi ba. Babu mai tura imel, babu mai sharhin rediyo, babu kowa sai Obama da matarsa cikin siffar da maƙiyansu suka ba su. Wanda ya saba karanta mujallar ya san inda ta dosa, zai yi murmushi. Amma da zarar hoton ya rabu da bangon mujalla ya shiga waya, niyyar mai zane ba ta bin sa. Zaurenku ya isa shaida: shekaru da dama bayan an yi abin, ya iso Funtuwa tsirara ba bayani. Tun a lokacin ma kakakin Obama ya ce zanen rashin ɗa'a ne da cin fuska, kuma ɓangaren abokin hamayyarsa John McCain ya ce haka ne. Ban ɗora wa zanen laifin komai ba, sai dai ka sani a watan Agustan 2010, Obama na kan mulki, binciken cibiyar Pew ya nuna kashi 18 cikin ɗari na Amurkawa sun ɗauka Musulmi ne.

Mu nan mun san wasa mai zafi. Bakano ya tsokani Bazazzagi, Bafulatani ya tsokani Babarbare, ba wanda ya kai ƙara, domin ga su ido da ido, kowa ya san dokar wasan, kuma gobe wanda aka yi wa zai rama. Musulmin Amurka na 2008 ba ya cikin wannan hali. Shekara 7 ke nan da harin 11 ga Satumba, ana binciken sa a filin jirgi, ana sa wa masallacinsa ido, kuma ba shi da mujallar da zai rama da ita. Rawanin da ke kan Obama a zanen nan nasa ne, shi aka ara aka yi ba'ar da shi, ba a tambaye shi ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo a wannan tarihi yadda masu kare Obama suka riƙa kare shi ne. Kullum amsar ita ce "ƙarya ne, ba Musulmi ba ne", kamar an zarge shi da sata. A watan Yunin 2008 a wani gangami a Detroit, 'yan sa-kai na Obama suka hana wasu mata biyu masu hijabi zama a bayansa inda kyamara za ta ɗauke su, sai daga baya ya kira su a waya ya ba su haƙuri. A Oktoba kuma, a jihar Minnesota, wata mata ta ce wa McCain ba ta yarda da Obama ba saboda Balarabe ne. McCain ya karɓe makirufo ya ce a'a, mutumin kirki ne mai riƙon iyali. An yaba masa, kuma ya cancanci yabo kan tsawatar da magoya bayansa, amma ka saurari amsar da kunnen Balarabe.

Colin Powell, tsohon sakataren harkokin wajen Amurka, shi ne ya faɗi abin da ya kamata a faɗa tun farko. A ranar 19 ga Oktoba, a tashar NBC, ya ce amsar gaskiya ita ce Obama Kirista ne, amma amsar da ta fi dacewa ita ce: in ma Musulmin ne fa, laifi ne zama Musulmi a wannan ƙasa? Ya kawo labarin wani soja Musulmi ɗan shekara 20 da aka kashe a Iraƙi aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington, da jinjirin wata a kan kabarinsa. Sai da aka yi kusan shekara biyu ana wannan zance kafin wani babba ya buɗi baki ya faɗi haka. Ka tura wa 'yan zaurenku wannan ɓangaren, ka kuma kira waɗanda suka fice su dawo.

TAMBAYA: Baba, ni ɗaliba ce a Jami'ar Bayero, ina karanta kimiyyar siyasa. Na lura 'yan jam'iyya ɗaya sun fi cin mutuncin juna lokacin fidda gwani fiye da yadda suke wa 'yan adawa. Me ya sa?

AMSA: 'Yata, kin lura da abu mai muhimmanci. A babban zaɓe akwai abin gardama: haraji, yaƙi, kiwon lafiya. A cikin gida kuwa manufofin 'yan takara kusan ɗaya ne. Obama da Clinton sun yi tarayya a galibin abubuwa, babban saɓaninsu ƙuri'ar yaƙin Iraƙi ta 2002 ce da wasu sassa na tsarin inshorar lafiya. Idan manufa ba ta raba mutum biyu ba, masu talla sai su koma kan jikin ɗan takarar: fatarsa, sunansa, addininsa, matarsa. Sannan masu fitowa ƙuri'ar fidda gwani 'yan a-mutun jam'iyya ne, ba su da yawa, jita-jita ɗaya tana iya karkata su.

Shi kansa McCain ya ɗanɗana. A fidda gwanin jam'iyyar Republican na 2000 ya kayar da George W. Bush da rata mai yawa a jihar New Hampshire. Da aka isa South Carolina sai aka fara kiran mutane a waya da sunan jin ra'ayi, ana raɗa musu cewa McCain yana da 'ya baƙar fata da ya haifa ba aure. Yarinyar da ake nufi marainiya ce da matarsa ta ɗauko daga gidan marayu a Bangladesh suka riƙe ta. Ya faɗi a jihar, makonni kaɗan bayan haka ya janye daga takarar. Mutanen Bush sun musanta hannu a ciki. A lokacin babu Facebook babu Twitter, waya ce da takardun da ake maƙala wa motoci. Intanet sauri ta ƙara wa abin da kuma ɓoye fuskar mai yi.

Mata kuwa nasu kason daban ne. A Janairun 2008 a New Hampshire wasu samari suka katse Clinton tana jawabi suna ihun ta goge musu riga. A 2015 Donald Trump ya yi wa Carly Fiorina, abokiyar takararsa a jam'iyyar Republican, ba'a kan fuskarta, a 2016 ya yaɗa mummunan hoton matar wani abokin takararsa, Ted Cruz, kusa da na tasa matar. A Janairun 2024 ya riƙa karkatar da sunan yanka na Nikki Haley, ita ma abokiyar takararsa, wadda iyayenta 'yan Indiya ne, ya kuma yaɗa cewa ba ta cancanci takara ba, alhali a South Carolina aka haife ta a 1972. Idan kina neman abin rubuta kundin kammala karatu, ki kwatanta laƙabin da ya yi wa Jeb Bush, wani abokin takararsa, na cewa ba shi da kuzari da wanda ya yi wa Haley. Na farkon hali yake suka, Bush na iya musantawa da aiki. Na biyun asali yake suka, kuma ba abin da Haley za ta yi ta sauya iyayenta.

TAMBAYA: Yallaɓai, ina yin gajerun bidiyo na barkwanci kan 'yan siyasa a Kaduna. Mahaifiyata ta ce in daina kafin a kama ni. Ai a Amurka ba a kama kowa?

AMSA: Ɗana, a Amurka haka ne. A 1988 Kotun Ƙolinsu ta yanke, a shari'ar mai wa'azi Jerry Falwell da mujallar Hustler, cewa fitaccen mutum ba zai karɓi diyya don ba'a ta ɓata masa rai ba, matuƙar ba wanda zai ɗauke ta a matsayin labarin gaskiya. Kai kuma a Kaduna kake. Akwai sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi ta kama masu rubutu da shi kafin a rage masa faɗi a 2024. A Nuwambar 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa masu barkwanci biyu na TikTok bulala 20 kowannensu da sharar harabar kotu saboda bidiyon da suka yi kan Ganduje, gwamnan jihar na lokacin. Ina ganin wannan hukunci zalunci ne, kuma tsoron mahaifiyarka yana kan hanya.

Ban ce ka daina ba. Ka zauna da ita ka nuna mata abin da kake yi, ka kuma nemi lauya ya duba maka iyaka. Kada ka sa wa mutum kalmar da bai faɗa ba a bidiyon da za a iya ɗauka na gaske ne. Ka bar ƙabila da addini da rashin lafiya da iyali, Dokar Zaɓe ta 2022 ma ta haramta wa 'yan siyasa kalaman da ke taɓa addini da ƙabila a yaƙin neman zaɓe, ko da yake ba kasafai ake hukunta kowa ba. Ba za ka rasa abin yi ba. A fidda gwanin 2022 APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, PDP miliyan 40, lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 30,000, wato sai ƙaramin ma'aikaci ya tara albashin sama da shekara 270 bai ci bai sha ba kafin ya sayi na APC. Jami'an EFCC kuma sai da suka bayyana a filin taron PDP a Abuja saboda zancen dalolin da ake raba wa daliget. Ka fara da waɗannan, ka turo mini in gani.