Wane madabod zan saya da zai kai ni shekara 7 ban sake canzawa ba?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ni mai haɗa bidiyon biki ne da zanen katin gayyata a Zariya. Kwamfutar da nake aiki da ita HP ce ta tebur 'yar tokumbo, Core i5 ƙarni na 4, ram 8GB. Yanzu in na ɗora mata bidiyo mai nauyi sai ta riƙa tsayawa, Windows 11 ma ta ƙi hawa. Na ɗan tara kuɗi ina so in canza madabod (babban allon da duk kayan cikin kwamfuta suke haɗuwa a kansa) da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) in bar sauran kayan, kuma ina son wanda zai kai ni shekara 6 ko 7. Wani mai shago ya ce in sayi X870 na 'yan gem shi ne mai daɗewa, wani kuma ya ce H610 ma ta ishe ni. Dan Allah wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara buɗi a sana'a. Gaskiya duka biyun ba zan ba ka shawarar ka ɗauka ba, amma kafin mu je nan bari in fara tare ka a kan maganar "in bar sauran kayan", dan nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Irin waɗannan HP da Dell na ofis da ake shigo mana da su, yawancinsu madabod ɗinsu da kesin ɗinsu da fawa fak ɗinsu (akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta) kamfanin ne ya ƙera su dan junansu kawai, zaka buɗe ka ga wayar wutar mai baki 6 ce ko 8 maimakon mai baki 24 da madabod ɗin kasuwa yake buƙata, ramukan kusoshin ma ba lallai su hau daidai ba, har wayar maɓallin kunnawa sai ka ga tata daban ce. Ram ɗinka kuma DDR3 ne, babu wani sabon madabod da zai karɓe shi. Toh kaga abin da zai bi ka sabon gida bai wuce ma'ajiyar fayil ɗinka, wato SSD ko hadis (hard disk), ba, sai allon kallo da kibod da linzami. Ka sa kuɗin kesin da fawa fak da ram a lissafi tun yanzu, ita kuma HP ɗin ka bar ta a haɗe yadda take, ka sayar ko ka ajiye ta dan aikin buga kati, ta fi daraja a haɗe.

Yanzu maganar daɗewa. Abu biyu ne ake nufi kuma masu shago sukan cakuɗa su, na ɗaya madabod ɗin kada ya mutu, na biyu bayan shekara 3 ko 4 in aiki ya ƙaru ka iya cire furosesa ka sa wanda ya fi shi ba tare da ka zubar da komai ba. Na biyun nan soket ne yake yanke shi, wato gurbin da furosesa yake zama, tsadar madabod ba ruwanta da wannan.

Dubi abin da ya faru da AM4 na kamfanin AMD. An fito da soket ɗin a 2016, furosesan Ryzen na farko ya hau shi a 2017, kuma mutumin da ya sayi madabod B350 ko B450 a wancan lokacin ya wayi gari yana iya sa Ryzen 5000 na 2020, har da 5800X3D na 2022, sabunta BIOS (manhajar cikin madabod da take tada kwamfuta) kawai zai yi. Ni da hannuna na cire Ryzen 5 1600 na sa 5600 a kan tsohon madabod na wani mai shagon hoto, ram ɗinsa da kesin ɗinsa duk ba a taɓa ba, kwamfutar ta dawo kamar yau aka sayo ta, wannan shi nake kira daɗewa. Intel kuwa al'adarsu soket ɗaya ƙarni biyu ne ko uku su wuce, LGA1200 ya ɗauki ƙarni na 10 da 11, LGA1700 ya ɗauki na 12 da 13 da 14, a 2024 kuma suka koma LGA1851. H610 ɗin da aka ce ka saya a kan LGA1700 yake, hanyar ta riga ta zo ƙarshe, ga shi kuma shi ne mafi ƙasa a gidansu, yawanci gurbin ram 2 ne, gurbin M.2 (inda ake sa ƙaramin SSD mai sauri) guda 1, ɓangaren wutarsa kuma tsirara ba ƙarfen sanyaya. Dan aikin ofis da buga takardu babu laifi, amma mai haɗa bidiyo da zai bar furosesa yana aiki awa biyu cur ba hutu, a'a.

Ni da kuɗina ne AM5 zan bi, wato soket ɗin AMD da ya gaji AM4. Ya fito a watan Satumba 2022, ya ɗauki Ryzen 7000 da 8000G da 9000, kuma AMD da bakinsu sun ce za su ci gaba da tallafa masa har 2027 zuwa gaba. DDR5 kaɗai yake karɓa, wannan zai ciji aljihu a farko amma shi ne ram ɗin da za a ci gaba da samu a shekarun da kake magana. Madabod ɗin AM5 aji-aji ne, irin su A620 da B650 da B850 da X870, sai dai fa ba X870 zan ɗauka ba. Abin da X870 ya fi B650 da B850 da shi bai wuce USB4 (ramin USB mai saurin gaske) da ya zama dole a kansa ba da PCIe 5.0 (hanyar sadarwa mai ƙarin sauri) a gurbin katin girafik, furosesa ɗaya in ka sa shi a B650 mai kyau ka sa shi a X870 saurin da zai ba ka kusan ɗaya ne, bidiyon bikin ba zai fita da wuri ba dan madabod yana walƙiya da fitilu kala-kala. Bambancin kuɗin nan in ka zuba shi a ram 32GB da UPS (batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta) zaka ga amfaninsa kullum. A620 kuma shi ne na ƙasa a AM5, akwai masu dama-dama a ciki amma da yawansu ba a yi su dan manyan furosesa ba, kuma kai babban furosesan nan kake hari nan gaba. Tsakiya zaka tsaya, B650 ko B850.

In ba wa Intel haƙƙinsu dai, girafik ɗin da ke cikin furosesansu yana da abin da suke kira Quick Sync, yana taimakawa sosai wajen sarrafa bidiyo na H.264 da HEVC, wasu masu irin aikinka saboda shi suke manne da Intel kuma ban ga laifinsu ba. In can zuciyarka ta kwanta toh madabod B760 zaka nema, shi ma na LGA1700 ne, ka sayi furosesa mai ƙarfi tun farko tunda ka san ba wani sabo da zai zo wa soket ɗin, kuma in ƙarni na 13 ne ko 14 lallai a sa masa BIOS na baya-bayan nan, dan an samu matsalar wuta tana yi wa manyan furosesan nan yawa har suna lalacewa, gyaran ta BIOS Intel suka fitar da shi a 2024.

Ko a cikin B650 ɗin ma ba duka ne ɗaya ba, kuma abin da na fi dubawa shi ne VRM. In ka kalli madabod, gefen hagu da saman soket akwai jerin ƙananan abubuwa masu kusurwa huɗu, su ne suke karɓar bolt 12 daga fawa fak su sauke shi zuwa wajen bolt 1 da ɗan wani abu da furosesa yake sha, kuma suna zafi ba kaɗan ba. Turawan da suke gwada kayan nan a ɗaki mai sanyi suke yi, kai kuma a Zariya kake, watan Afrilu, shago mai rufin kwano, wataƙila ma ba wutar fanka. VRM da ba ƙarfen sanyaya a kansa in ya yi zafi zai tilasta wa furosesa rage gudu a tsakiyar aiki, zafin yau da gobe kuma shi yake cin rayuwar kayan wuta. Ka nemi wanda ƙarfe mai kauri ya rufe ɓangarorin biyu, ka ɗaga shi a hannu ma zaka ji nauyinsa daban. Lambobin da ake rubutawa a kwali irin 12+2+1, wato yawan sassan VRM ɗin, suna ɗan nuna hanya amma kada ka dogara da su kaɗai, ka rubuta cikakken sunan madabod ɗin a YouTube ka ga gwajin zafin da aka yi masa.

Abu na gaba da ba na sassauci a kansa shi ne maɓallin sabunta BIOS ba tare da furosesa ba. ASUS suna kiransa BIOS FlashBack, MSI Flash BIOS Button, Gigabyte kuma Q-Flash Plus, ɗan maɓalli ne a baya kusa da ramukan USB. Amfaninsa a wajenmu ya fi na ko'ina, dan kayan da suke iso mana sau da yawa sun daɗe a sito, zaka sayi B650 da tsohon BIOS ka sa masa Ryzen 9000 ya ƙi tashi, da maɓallin nan filas kawai kake buƙata da fawa fak. Haka in wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabuntawa, sau da yawa da shi ake ceto madabod ɗin. Duk da haka kada ka taɓa sabunta BIOS a kan wutar NEPA zalla ko janareto, sai a kan UPS ko inbata mai cikakken caji.

Sauran a gurguje: gurbin ram 4 ya fi, amma ka fara da sanda biyu na 16GB, DDR5 6000, a gurbi na 2 da na 4 in ka ƙirga daga wajen furosesa, dan DDR5 in aka cika huɗun gudunsa yakan sauka. Gurbin M.2 aƙalla 2, ɗaya na Windows ɗaya na bidiyon da kake kan aiki, ramin SATA 4 saboda hadis ɗin ajiya tunda bidiyon biki cin wuri gare shi. Girman mATX, wato matsakaicin madabod, ya ishe ka. WiFi in babu ana iya ƙarawa daga baya da kuɗi kaɗan.

Maganar kada ya mutu kuma, wallahi yawancin madabod ɗin da ake kawo min a ƙone ba su ne da laifi ba, fawa fak ne marar suna da aka saya da arha ko wanda ya zo kyauta a cikin kesin, ko kuma wuta ce ta dawo da ƙarfi, ko an juya daga NEPA zuwa janareto kwamfuta tana kunne. Abin yana min ciwo in ga mutum ya tara kuɗin wata shida ya sayi kaya masu kyau sannan ya haɗa su da fawa fak ɗin da bai kai kuɗin linzami mai kyau ba. Ka sayi na kamfanin da aka sani irin Corsair ko Seasonic ko Cooler Master, wat 650 zai ɗauke ka har da matsakaicin katin girafik, ka haɗa da UPS mai daidaita wuta a ciki, ka sa mai gyaran wuta ya duba maka ko soket ɗin bangon shagon yana da wayar ƙasa. Da damina in hadari ya taso da tsawa ka zare filogi da wayar intanet gaba ɗaya. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, duk wata biyu ko uku ka kashe ka buɗe ka hure ta da abin hura iska, ka riƙe fankokin da yatsa kada su yi ta juyawa, kuma kada ka ajiye kesin a ƙasa kan siminti.

In lissafi ya ƙi kaiwa AM5, madabod B550 na AM4 da Ryzen 7 5700X da DDR4 32GB har yanzu kwamfuta ce mai ƙarfi, za ta hau Windows 11 lafiya lau, kuma wannan ya zama dole yanzu tunda Microsoft sun daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Sai dai ka sani ka shiga AM4 ne a ƙarshensa, kuma 5700X ba shi da girafik a ciki, ba zai nuna hoto ba sai da kati.

Ranar saye, ko a Kano ne ko Computer Village ta Ikeja aka aiko maka, ka buɗe murfin soket ɗin a gaban mai shago ka haska fitilar waya. A AM5 alluran suna jikin madabod ne, guda 1718, siraran gaske, in ka ga wuri ɗaya yana ƙyalli daban da sauran toh allura ta lanƙwashe, ka ajiye shi ko nawa aka rage maka. Ka sa a haɗa a kunna a shiga BIOS ka ga ya gane ram ɗin duka da SSD, a gwada ramukan USB na baya ɗaya bayan ɗaya, sannan a rubuta maka lambar jikin madabod ɗin a kan rasit tare da kwanakin garantin da kuka yi yarjejeniya.